Datar Naira Ɗari Ta Fi Ta Dubu Goma Tsada

Duk wanda ya danna *312# a wayarsa, ko a Tudun Wadar Gusau yake ko a bakin tashar Tsafe, jerin tsare-tsaren data zai sauko masa: na kwana ɗaya, na kwana biyu, na mako, na wata, na dare, na WhatsApp da Facebook kaɗai, kowanne da kuɗinsa a gefe. Yawancin mutane ba sa daɗewa a kan jerin. Sukan nemi wanda canjin da ke aljihu zai iya ɗauka, su danna, su wuce. Amma kuɗin da aka rubuta a gefen tsari rabin labari ne. Farashin data na gaskiya shi ne abin da mutum ya biya, a raba shi da abin da ya samu ya yi amfani da shi kafin wa'adi ya cika. Idan aka yi wannan lissafi a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, amsar da ke fitowa ba ta da daɗi: mai ƙaramin ƙarfi ya fi mai hali biyan data da tsada, kuma wanda gidansa ke nesa da turken sabis ya fi su duka.

Lissafin ba ya buƙatar boko mai zurfi. Giga ɗaya mega 1,000 ce da 'yan kai. Shekara da shekaru, naira 100 kan sayi mega 100 ta kwana ɗaya, ko ɗan abin da ya ɗara haka, a manyan layukan ƙasar nan. Ke nan mai sayen wannan tsari yana biyan kusan naira 1,000 a kan kowace giga. Wanda kuwa zai iya zaro dubu goma ko ashirin a tashi ɗaya ya sayi babban tsarin wata, giga kan faɗo masa ƙasa da naira 400. Data iri ɗaya ce, turke ɗaya ne ke aiko musu da ita, amma ɗan kabu-kabun da ke jiran fasinja a Gada Biyu yana biyan ninki biyu da rabi na abin da babban ma'aikaci ke biya. A ce kullum yana sayen ta naira 100. A ƙarshen wata ya kashe naira 3,000, ya samu giga uku. Da a dunƙule ya bayar da wannan kuɗin a farkon wata, da ya samu kusan ninkin haka. Kuma ya san da wannan sarai, babu wanda zai koya masa. Dubu ukun ce ba ta taruwa a hannunsa rana ɗaya, domin abin da ya samo da yamma akwai mai a ciki, akwai balas na mai mashin, akwai cefanen gida.

Wannan giɓi ya daɗe, amma tun farkon 2025 ya fara yi wa mutane ciwo sosai. A ranar 20 ga Janairun shekarar, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a ƙarƙashin Dakta Aminu Maida, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da saƙo da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Kamfanonin kashi 100 suka nema, kuma rabon da a yi irin wannan gyara tun 2013. Cikin Fabrairu sababbin farashi suka fara bayyana, sai ga wani tsarin MTN na giga 15 a mako ya tashi daga naira 2,000 zuwa 6,000. Ƙorafi ya yi yawa, Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ta yi kiran a ƙaurace wa layukan, har kamfanin ya fito ya ba jama'a haƙuri. Abin lura a nan shi ne gigar da ake samu a kan kimanin naira 133 ta koma 400 a dare ɗaya. Yawancin arahar da ake gani a cikin jerin nan rangwame ne, wanda kamfani ya bayar don jawo ciniki kuma yana iya janye shi ranar da ya ga dama. Mai gina sana'arsa a kan irin wannan araha ya kamata ya san da haka.

Sai batun wa'adi, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Kamfanoni sun gane cewa ido yana bin babbar lamba, saboda haka sukan ba da giga mai yawa a kan kuɗi kaɗan, sannan su gajarta kwanakin. Giga ɗaya ko biyu ta kwana ɗaya ko biyu, idan aka raba kuɗinta, takan fi irinta ta wata araha nesa ba kusa ba. Ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da zai zauna ya sauke littattafai da bidiyon darasi a zama ɗaya, wannan ciniki ne mai kyau, domin zai cinye ta tas. Amma ɗauki mai sayar da hatsi a Bunguɗu wanda harkarsa da waya ba ta wuce saƙon murya a WhatsApp, da hoton buhu, da duba ko kuɗi sun shigo. Kiran murya a WhatsApp bai cika cin mega ɗaya a minti ba. Ko ya wuni yana magana, da ƙyar ya ci mega 200. Idan ya sayi giga guda ta kwana ɗaya a kan naira 500, kashi ɗaya cikin biyar ya ci, sauran ta ƙone. Gigarsa ta gaskiya ta tsaya masa a kan naira 2,500, alhali yana ganin ya yi dabara.

Wurin zama ma yana shiga lissafin, ko da yake ba a rubuta shi a jerin farashi. Kuɗin giga ɗaya ne a Legas da Kwatarkwashi, amma abin da giga ke yi wa mutum ya bambanta. A cikin garin Gusau da kan babban titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe ya wuce Bunguɗu zuwa Sakkwato, waya kan nuna 4G a wurare da yawa. Da an saki kwalta aka shiga ƙauyuka, sai alamar da ke saman waya ta koma H, daga nan ta koma E, wani lokaci ta ɓace baki ɗaya. Mutanen irin waɗannan garuruwa sun san wuraren da sabis ke sauka: gindin wata bishiya, kan wani tudu, kusurwar katangar makaranta. Za ka ga mutum ya ɗaga waya sama yana juyawa a hankali, idonsa a kan ɗan da'irar nan da ke zagayawa a jikin hoton da ya ƙi buɗewa. Duk tsawon wannan jira agogon wa'adi bai tsaya ba. Ga kuma wuta. Inda babu lantarki, ko akwai turaku babu wuta a cikinsu, wayar kan shafe sa'o'i a shagon mai caji, an manna mata 'yar takarda mai lamba tana layi da wasu hamsin. Tsarin sa'a 24 ga irin wannan mutum bai fi na sa'a biyar ko shida ba, kuma kuɗin cajin ma wani haraji ne a kan datar.

Mutanen Zamfara sun ga ƙarshen wannan al'amari da idonsu. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin jihar ta lokacin, ta Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan sadarwa a faɗin jihar don yaƙi da 'yan bindiga. An maido da sabis a Gusau wajen farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A tsakanin nan mutane sun riƙa shiga mota zuwa jihohin maƙwabta don kawai su kira ɗan'uwa ko su tura kuɗi. Ba hukuncin rufewar nake tuhuma a nan ba, wannan magana ce ta daban. Abin da ya shafi batunmu shi ne wanda ya sayi datar wata a ƙarshen Agusta a Tsafe ya biya kuɗin abin da babu hanyar da zai taɓa shi kafin kwana talatin su cika. Abin da ya faru ga jiha guda a lokacin yana faruwa ga ƙauyuka ɗaiɗai har gobe, duk ranar da man janareton turke ya ƙare kuma hanya ba ta biyuwa, ko aka yanke wayar ƙarƙashin ƙasa wajen aikin titi.

Za a ce ai haka kasuwa take, mai sayen sari ya fi mai sayen ɗaiɗai samun sauƙi, kuma ba a taɓa jin an kai ƙarar ɗan kasuwa don tiyar gero ta fi buhu tsada in an lissafa ba. Gaskiya ne, amma kwatancen ya tsaya a rabin hanya. Mai awo yana da dalili: ya fasa buhu, ya zauna a rana, ya yi asarar abin da ya zube, ya sayi leda. Kamfanin waya ba ya fasa komai. Na'ura ce ke rubuta mega 100 ko giga 100 a asusun mutum, wahalar ɗaya ce. Sannan wanda ya auni tiya ya kai gida, geronsa na nan har ranar da ya ga damar dakawa, babu mai zuwa tsakar dare ya kwashe ragowar ya ce lokacinta ya wuce. Ana iya yarda cewa kamfani na da haƙƙin saka wa mai biya da yawa, domin kuɗin da ya shigo a dunƙule yana taimaka masa wajen tsara aiki. Abin da ba a iya karewa shi ne ratar ta kai ninki biyu da rabi, kuma a ɗora wa ƙaramin mai saye wa'adi mafi gajarta a kan tsadar da ya riga ya sha.

Hujja ta biyu, wadda kamfanonin ke kawowa, ta fi ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Tun da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, alhali kusan duk na'urorin da ke kan turke da dala ake sayo su. Turakun kuma da dizal suke aiki dare da rana saboda wutar ƙasa ba abin dogaro ba ce. A Zamfara akwai ƙarin nauyi: kai mai da injiniya wani turken kasada ce ta rai, ga ɓarayin batir da janareto. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa a 2024. Duk wannan ya isa ya bayyana dalilin da ya sa data ta yi tsada gaba ɗaya, kuma mai adalci ba zai ce a sayar da ita a farashin 2013 ba. Sai dai bai bayyana dalilin raba nauyin yadda aka raba shi ba. Tsadar dizal ba ta san mai sayen ta ɗari da mai sayen ta dubu goma ba. Idan dole a ƙara, babu abin da ya wajabta a bar kaso mafi nauyi a wuyan wanda ya fi rauni, kuma datar da ta ƙone ba a yi amfani da ita ba kuɗi ne da kamfani ya karɓa ba tare da turkensa ya ɗauki kaya ba.

Akan kuma ce datar Najeriya tana cikin masu araha a Afirka. Idan aka mayar da farashin zuwa dala, haka ne. Amma ba da dala ake biyan lebura a Gusau ba. Ita kanta gwamnati ta san ma'aunin da ya dace, domin a shirinta na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ta sa burin kada giga ɗaya ta wuce naira 390. Mai babban tsarin wata yana iya cewa an kusa cika masa alkawari. Mai ta ɗari yana biyan fiye da ninki biyu na wannan adadi. A ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, matsakaicin farashi ba ya gaya mana komai game da yawancin masu saye. Kuma data ta daina zama kayan ƙawa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai shayi ma yana karɓar transfa. Mai POS a bakin kasuwar Tsafe kan ajiye waya biyu da layi uku a kan teburinsa, ba don gayu ba, sai don in wannan ya ɗauke wancan ya kawo, kuma kowane layi da datarsa da wa'adinsa.

Akwai zargin da ke komawa kan masu sayen, cewa su ke ƙona datarsu a TikTok sannan su ce kamfani ya zuƙe. A nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma faɗinta taimako ne. Bidiyo shi ne babban mai shan data: sa'a guda ta kallo tana iya lashe rabin giga ko fiye, gwargwadon kyan hoton. Wayoyin zamani kuma suna sha ko ba a taɓa su ba, suna sabunta manhajoji, suna kwafe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, suna sauke duk bidiyon da aka jefo a zauren WhatsApp na dangi da na unguwa da na 'yan ajinmu. Wanda ya shiga saitin wayarsa ya hana saukar da bidiyo kai tsaye, ya kashe sabunta manhaja sai da izininsa, ya kunna mai tsimin data, zai ga bambanci a cikin mako guda. Yana da kyau kuma ya buɗe wurin da waya ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, ya gwada da abin da *323# ke nuna masa. To amma wannan duka gyaran ɓarnar da ke hannun mai waya ne. Bai taɓa farashin giga ba, bai kuma tsayar da agogon wa'adi ranar da sabis ya ɗauke ba.

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Tun 2018 NCC ta umarci kamfanoni su riƙa tsallakar wa mutum da ragowar datarsa idan ya sabunta tsarin a cikin lokacin da aka ƙayyade, ta kuma hana sabunta wa mutum tsari ba da yardarsa ba. A 2024 ta sa su rage yawan tsare-tsaren da ke rikita mai saye. A 2025 ta ce idan babbar katsewar sabis ta wuce sa'a 24, a biya masu layi diyya, har da tsawaita wa'adi. Matakai ne masu kyau, sai dai an ɗinka su ne daidai jikin mutumin birni. Tsallakar da ragowa tana amfanar wanda ke da kuɗin sabuntawa a ranar da ake buƙata, wanda ba shi da su kuwa ya rasa ragowar. Ma'aunin babbar katsewa kuma yana magana ne a kan abubuwa irin su ƙananan hukumomi biyar ko turaku ɗari. Turke guda da ya mutu a wani ƙauyen Bunguɗu da wuya ya kai wannan matsayi, balle sabis ɗin da bai mutu ba bai kuma yi rai ba, wanda shi ne abin da aka fi fama da shi. Wasu ƙasashen sun matsa gaba. A Afirka ta Kudu hukumar kula da gasar kasuwanci ta binciki farashin data, ta bayyana a 2019 cewa tsarin yana cutar da talaka, kuma a 2020 Vodacom ya sauke gigar wata daga rand 149 zuwa 99. A Ghana ma'aikatar sadarwa ta ba da umarni a 2019 cewa datar da ba a yi amfani da ita ba kada ta ƙone. Kamfanonin ba su rushe ba, kuma MTN da ke nan yana can a ƙasashen biyu yana ciniki.

Kafin a kai ga haka, mutane sun nemo wa kansu mafita, wata mai kyau wata mai tarko. Matasa masu sayar da data ta manhaja, waɗanda ake samu a kusan kowace unguwa, sukan sari mai yawa su yanka wa mutane giga ɗaya ko rabi mai wa'adin wata, sau da yawa a ƙasa da farashin kamfani. Wannan sana'a ta tsiro ne daga ainihin giɓin da muke magana a kai, ita ce shaidar cewa ana iya sayar wa talaka kaɗan ba tare da an gajarta masa kwana ba. Sai dai a tabbatar da amanar mai sayarwa, a kuma duba wa'adin da ya shigo a saƙo. Tarkon shi ne rance. Danna *303# yana da sauƙi lokacin da data ta yanke ana tsakiyar magana, amma ladan da ake cirewa kan kai kashi 15 cikin 100, a kan bashin da galibi gobe za a biya. Datar dare, daga tsakar dare zuwa asuba, ita ce mafi araha a jerin, kuma tana da amfani ga mai sauke abu mai nauyi, in yana da caji kuma zai iya hana idonsa barci. Tsarin WhatsApp kaɗai ya dace da wanda a nan harkarsa ta tsaya, amma da ya taɓa wani adireshi da aka turo masa, ko ya buɗe manhajar banki, ya fita daga shingen.

Saboda haka mai son kwatanta tsare-tsare a wannan yanki ya fara da tambayar da ba ta cikin talla: wane layi ne ke kamawa a ɗakina da wurin sana'ata? Giga goma a layin da ba ya kawowa ba ta kai giga biyu a wanda ke kawowa ba, kuma tun 2013 ana iya sauya kamfani ba tare da an rasa lamba ba. Daga nan ya duba abin da yake ci a mako, ya zaɓi tsarin da zai cinye kafin ya mutu, ya raba kuɗin da gigar. Idan mutum uku ko huɗu a gida ɗaya ko shago ɗaya za su haɗa kuɗi su sayi babban tsari su raba ta *321#, sun fita daga sahun masu biyan dubu a giga. Sauran aikin na hukuma ne, kuma ba mai wuya ba ne: a tilasta rubuta farashin giga a gefen kowane tsari yadda mai saye zai gani kafin ya danna, a sa iyaka ga ratar da ke tsakanin ƙaramin tsari da babba, a kuma riƙa lissafa katsewar sabis turke-turke, tunda kamfanoni sun san sa'ar da kowane turke ya mutu da layukan da ke rataye da shi. Wanda datarsa ta ƙone sabis na ɗauke yana da damar kiran kamfaninsa a 300 ya karɓi lambar ƙorafi, in ba a share masa hawaye ba ya kira NCC kyauta a 622. 'Yan majalisar da ke wakiltar Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Abuja su ma suna da bakin da za su tambayi hukumar sa'o'i nawa turakun mazaɓunsu suka yi a kashe a bara, da kuma nawa aka mayar wa mutane.